Mayar da ƙagaggun labaran Hausa fim

Mayar da littafi fim shi ne a ɗauki ƙagaggen labarin da aka riga aka rubuta, a sake tsara shi yadda 'yan wasa za su taka shi a gaban kyamara, a nuna a sinima ko talabijin ko intanet. A ƙasar Hausa abin ya girmi Kannywood. Haka ma al'adar masu karatu ta cewa "ina ma a yi fim ɗin littafin nan", wadda da zarar an biya musu buƙata sai ta rikiɗe ta koma "ai ba haka yake a littafi ba".

Farkon lamarin

Gasar rubutun da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933 ce ta haifar da littattafan ƙagaggun labaran Hausa biyar na farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Shaihu Umar ne ya fi tafiya mai nisa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗinsa a 1976. Labarin yaro ne da aka sace aka sayar bawa, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har Tarabulus. Fim ɗin ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai da aka tono faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara, aka haska shi a bikin fina-finai na birnin Balin, a ƙasar Jamus, a 2018. Magana Jari Ce na Imam, mai juzu'i uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, shi ma tashar NTA ta mayar da labaransa shirin talabijin.

Zamanin kaset

Bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano, daidai lokacin da littattafan soyayya, waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano, ke cin kasuwarsu. Sana'o'in biyu tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, don marubutan da kansu suka shiga fim. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, aka yi fim ɗinsa a 1994: 'yar masu kuɗi ce ke son talaka, da aka matsa mata ta faɗa rijiya. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, ya zama fim a 1998. Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa shi ma ya bi wannan hanya. Lissafin furodusa a lokacin ba mai wuya ba ne. Littafin da ya zaga ɗakunan matan aure da makarantun kwana har bangonsa ya yage, ya riga ya yi wa kaset talla kafin ya isa kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, inda ake sayar da kaset ɗin fina-finai.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sai alaƙar ta yi sanyi. Waƙa da rawa irin na fina-finan Indiya suka zama abin da ke sayar da kaset, labari ya koma na baya.

Inda gizo ke saƙa

Littafin da mai karatu ya fi ɗokin gani shi ne sau da yawa ya fi wuyar ɗauka. Ganɗoki misali ne: dawakai da lifidi, yaƙi da Turawa, sannan tafiya ƙasashen aljanu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, sararin samaniya yake kai mai karatu. Marubuci da jimla ɗaya yake tara mahaya dubu, furodusa kuwa sai ya ciyar da kowane doki. Ko a labaran soyayya matsalar na nan. Marubuciya ba ta biyan ko kwabo idan ta ajiye jarumarta a katafaren gida a Dubai, amma a lokeshan falon wani bawan Allah za a aro, a kuma yi sauri kafin masu gida su gaji.

Sai batun fuska. Shafi biyu ake ɓatawa wajen siffanta yarinya, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, kowace mai karatu ta zana tata a zuci. Duk jarumar da darakta ya ɗauko, wasu za su ce ba ita ba ce. Ga kuma "ta ce a ranta", wanda shi ne rabin daɗin littattafan nan, kyamara kuwa ba ta shiga zuciya. Mafita mai arha ita ce a sa murya tana magana jarumar na kallon silin, abin da bai cika yin armashi ba.

Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ita ma tana da ta cewa. Abin da aka karanta a ɗaka cikin sirri ba lallai ya wuce ba idan aka nuna shi ido na ganin ido.

Fim mai dogon zango

Littattafan Hausa da ma kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya tsaya inda rai ke so. Fim na awa biyu dole ya yanke kishiyoyi da dangin miji, alhali su ne gishirin labarin. Buɗe tashar Arewa24 a 2014 da yawaitar shirye-shirye masu dogon zango a YouTube sun samar da filin da ya fi dacewa da wannan tsari. A gefe guda littafin kansa ya bar takarda ya koma WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, inda masu sauraro kan raba wa jaruman Kannywood matsayi tun kafin wani furodusa ya tuntuɓi marubuciyar kan kuɗin labarinta.