Daga Kaduna zuwa Dutsen Kagoro a mota: tambayoyi da amsoshi

Wace hanya ake bi?

Ka fita ta Sabon Tasha, ka wuce Kujama da Kasuwan Magani da Kufana, sai Kachia, daga nan Zonkwa har Kafanchan, Kagoro na kusa da ita. Tafiyar ta haura kilomita 200. Farkonta shimfiɗe take, amma tun daga Kajuru za ka fara hango duwatsu. Can kan wani dutse akwai gidan da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 irin fadar sarakunan Turai. Sai an nemi izini tukuna kafin a shiga.

To me ake zuwa gani a Kagoro?

Dutsen kansa. Garin na gindinsa, kuma da safe gajimare kan sauko ya rufe masa kai kamar rawani. Mota ba ta kai ka sama, da ƙafa ake hawa, don haka ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ka kuma bar takalmin zuwa biki a gida. Kusa da Kafanchan kuma akwai Matsirga, inda kogi ke zubowa daga bisa dutse, tsawon wajen mita 30. Tun daga nesa kake jin rugugin ruwan, in ka matsa feshinsa ya jiƙa maka riga.

Wane lokaci ya fi?

A ganina Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwan sama ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, Matsirga na cike. Da hunturu hazo ke ɓoye duwatsun, sai dai lokacin ne za ka ga an shanya citta a ƙauyukan Kachia, ƙamshinta har cikin mota. Mai son taro ya je ranar 1 ga Janairu, ranar bikin Afan na mutanen Kagoro.

Mota fa, me za a duba?

Birki da ruwan lagireto. In ka zarce Jos ta Gidan Waya, Hawan Kibo na jiran ka a Jihar Filato. A dawowa ka sa giya ta biyu a gangara, kada ka ɗora ƙafa kan birki har ya yi zafi ya saki, kuma ka ba tirela hanya.

Batun tsaro?

Hanyar Kachia ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, ka tashi bayan gari ya waye, ka isa masauki kafin la'asar.