Waiwaye: Injin Gashi Da Aka Bari A Kangon Asibiti A Barazil

A shekarar 1985, wani asibitin kuɗi mai kula da masu ciwon daji a birnin Goiania na ƙasar Barazil ya tashi zuwa sabon mazauni, ya bar tsohon injin gashi guda, wato na'urar da ke ƙona ciwon daji da tururin nukiliya wanda ido ba ya gani, a ginin da ya baro. Shari'a ta ɓarke kan filin, ginin ya fara rushewa, injin kuwa yana nan zaune cikin kango har shekara biyu.

Ranar 13 ga Satumba, 1987, wasu 'yan gwangwan biyu suka shiga kangon, suka kwance kan injin, suka tura shi gida a baro, suna zaton sun tsinci dami a kala. A daren nan suka fara amai, amma suka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki. Da suka huda ƙaramin gwangwanin da ke tsakiyar ƙarfen, sai suka tarar da wani gari mai kama da gishiri, wato sinadarin siziyom-137 mai fitar da wannan tururi mai haɗari, wanda duka nauyinsa gram 93 ne. Dilan da ya sayi kayan ya ga garin yana ƙyalli shuɗi cikin duhu, ya shigar da shi gida, ya riƙa ɗibar wa dangi da abokai suna shafawa a jiki don sha'awa. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da burbushinsa a hannunta.

Matar dilan ce ta fara zargin cewa wannan abu ne ke kwantar da mutanen gidanta. Ranar 28 ga Satumba ta sa shi a jaka, ta hau motar haya zuwa ofishin kiwon lafiya, washegari wani masani ya auna ya gane abin da ake ciki. An tantance mutum kusan 112,000, aka samu 249 da burbushin a jikinsu ko a tufafinsu, mutum 4 suka rasu, ciki har da matar da kuma yarinyar, wadda aka binne a akwatin dalma. An rushe gidaje, aka kwashe ƙasa da tarkace aka adana a Abadia de Goiás.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne bambancin injinan. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi ko ƙirji ba ta fitar da tururi sai an ba ta wuta. Injin gashi irin na da kuwa, mai siziyom ko kobalt, yana ɗauke da sinadarin a cikinsa, kuma ba shi da makunnin kashewa. Sai an yi shekara 30 kafin ƙarfin siziyom ya ragu da rabi. Alamar wannan injin ita ce babban kai mai tsananin nauyi saboda dalmar da ke kare sinadarin, kuma wannan nauyin ne ke jan hankalin mai neman ƙarfe.

Ba a Goiania aka fara ba. A ƙarshen 1983, a Ciudad Juárez ta Meziko, an sayar da irin wannan inji mai kobalt-60 a matsayin gwangwan, aka narka shi cikin rodin gini da ƙafafun tebura. A 2000 kuma mutum 3 suka mutu a Samut Prakan ta Tailan ta wannan hanya.

A ganina wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin sana'ar jari bola tana ciyar da dubban matasanmu, kuma su ne ke fara isa duk wani gini da aka yi watsi da shi. Tsohon tambarin gargaɗi, mai fuka-fuki uku kamar fanka, bai gaya wa wanda ba a koya masa ba komai. Shi ya sa a 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta fito da ƙarin tambari: jan alwatika mai ɗauke da ƙoƙon kai da hoton mutum yana gudu, ana liƙa shi a jikin murfin da ke rufe da sinadarin, daidai inda mai kwance injin zai kai hannunsa.