Wai 'yan talla suna cusa mana saƙon ɓoye a ƙwaƙwalwa?

An daɗe ana yawo da maganar nan, wai ana saka rubutu a cikin fim ya walƙa da sauri, ido bai gani ba amma ƙwaƙwalwa ta ɗauka, sai kawai ka tashi ka sayo abu ba ka san dalili ba. Asalin zancen daga wani ɗan Amurka ne, James Vicary, a 1957 ya ce ya gwada a wani gidan silima a New Jersey, yana haska "sha Coca-Cola" da "ci gugguru" cikin ƙasa da ƙiftawar ido, wai ciniki ya ƙaru. To a 1962 shi da bakinsa ya amsa cewa babu wani binciken kirki, dabarar neman kasuwa ce. Abin da aka gani daga baya a ɗakin gwaji ɗan tasiri ne kaɗan mai saurin gushewa.

Ni abin da ke damuna, tasirin gaske a fili yake ƙiri-ƙiri. Maimaici ne fa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kawai yana sa ya kwanta wa mutum a rai, shi ya sa za ka tsaya gaban sabulai kala-kala hannunka ya tafi kan wanda sunansa ya cika maka kunne, kana ganin ai ra'ayinka ne. Haka labarai, in rediyo da Facebook suka kwana suna nanata magana ɗaya, gobe ita kowa zai ɗauka babbar matsala ko da akwai wadda ta fi ta.