Sabon buroshin aski na gashin alade: amsar tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Kusan duk wanda ya sayi sabon buroshin aski na gashin alade, wato wanda ake tayar da kumfar sabulu da shi a shafa a fuska kafin aske gemu, sai ya dawo min cikin satin farko da ƙorafi iri ɗaya, wai yana wari, wai yana sukar fuska, wai kumfa ta ƙi tashi, lallai jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ne malam, haka yake zuwa, sai an hore shi. Na amsa waɗannan tambayoyin har bakina ya gaji, to ga su nan wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Da gaske gashin alade ne?

Eh. Ana tallarsa da sunan na aladen daji, amma galibi na aladen kiwo ne, yawancin gashin daga Chaina yake fitowa, sai kamfanoni irin su Omega na Italiya da Semogue na Fotugal su tace shi su ɗaure su dasa a mariƙi. Idan ranka bai kwanta da shi ba kada ka takura kanka, akwai na gashin doki, akwai na zaren roba, kuma shi na roban ba ya buƙatar horo ko na kwana ɗaya. Maganar hukunci kuma wajen malaminka za ka kai ta.

Na ɗan rage tsinin da almakashi don ya daina suka, na yi daidai?

Ka ɓata shi. Na sa wannan a gaba ne saboda ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa. Shi gashin nan yana da kauri daga gindi, yana sirancewa zuwa baki, kuma wannan siririn bakin shi ne zai tsage gida biyu ko uku ya zama laushin da kake nema. Duk abin da muke kira horo, tsagewar nan ce kawai. Ka sa almakashi ka datse, me ka bari? Kututture. Zai yi ta sukarka har ranar da za ka jefar da shi. Garin gyaran gira ka rasa ido kenan. In ka ga gashi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ka ƙyale shi, ba ruwansa da kai.

Yana wari kamar dabba, ya zan yi?

Wanke shi. Ruwan ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke ko shamfu, ka murza a tafin hannu, ka ɗauraye, ka maimaita sau biyu ko uku. Ruwan farko yakan fito da ɗan duhu-duhu, musamman in an rina wa buroshin baƙin layi a tsakiya don ado, kada wannan ya dame ka. Idan warin ya nace, ka haɗa kumfa mai kauri da sabulun askinka, ka bar ta a jikin gashin ta kwana, da safe ka ɗauraye tas. Cikin sati ɗaya zuwa biyu na amfani warin zai tafi da kansa. Kuma dan Allah a daina fesa masa turare ko jiƙa shi a bilic, turaren zai haɗu da ƙarnin ne ya ƙara muni, bilic kuma cinye gashin yake.

Sai na jiƙa shi kafin kowane aski?

Dole. Minti biyar zuwa goma a ruwan ɗumi. Gashin alade shan ruwa yake har cikinsa, in yana bushe yana da tauri kuma yana saurin karyewa. Ka tsoma shi a kofi kafin ka shiga wanka, kan ka fito ya jiƙu. Ruwan ya tsaya a gashi, kada ya haura kan mariƙi.

Ruwan zafi ba zai fi saurin tausasa shi ba?

A'a. Idan hannunka ba zai iya zama a cikin ruwan ba, buroshin ma ba zai iya ba. Gam ne ke riƙe da gindin gashin a cikin mariƙi, tafasasshen ruwa yana raunana gam ɗin, yana kuma sa bakin gashi ya nannaɗe.

An ce in sa shi a ruwan sanyi cikin firiji kwana uku, zai yi laushi nan take. Gaskiya ne?

To wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka eh ko a'a kai tsaye ba domin ya danganta da abubuwa da yawa. Bari in fara faɗin yadda masu yi suke yi. Suna zuba ruwan sanyi a kofi, su tsoma gashin kamar kashi uku cikin huɗu na tsawonsa, su sa a firiji awa 24, su fito da shi su goga a busasshen tawul na kamar minti goma, gaba da baya kamar mai fenti, sai su canja ruwa su mayar, haka har kwana biyu ko uku, daga nan su bar shi ya bushe sarai. Kuma gaskiya a wasu buroshin yana aiki, za ka ga baki ya fara tsagewa tun kafin ka yi aski ko ɗaya da shi.

Amma a ganina ba sanyin ne ke yin aikin ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Abin da ke tsaga bakin gashi shi ne ya sha ruwa ya kumbura, sannan ya bushe ya tsuke, a kuma goga shi a kan wani abu. Kumburi, bushewa, guga, su kenan. Amfanin firijin bai wuce ya hana ruwan da ya kwana biyu yin wari da yauƙi ba. Shi ya sa wanda ya jiƙa kwana uku bai goga a tawul ba, bai kuma bari ya bushe ba, zai fito ya ce ƙarya ce, wanda kuma ya yi gugar da kyau zai rantse cewa sirrin a firiji yake, alhali dukansu abu ɗaya suka kasa gani.

Sannan buroshi ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka riga aka wanke gashinsa da sinadari ya yi fari tun daga masana'anta yakan zo da ɗan laushi, yana saurin tsagewa, irin wannan ko ba ka yi masa komai ba aski goma sha biyar ya isa ka ji bambanci, to me za ka kai shi firiji ya yi? Wanda kuma ya zo da launinsa na asali, mai kauri, mai cika, shi ne mai taurin kai, kuma shi ne zan iya cewa hanyar za ta rage maka wasu makonni. Haka nan tsawon gashi yana da tasiri, dogo kamar na Omega 10049 da ya haura milimita 60 yana lanƙwasa da sauƙi ba ya suka sosai, gajere mai cunkoso kuma za ka ji shi a kunci.

Inda nake jin tsoro shi ne mariƙi. Idan na roba ne, da sauƙi. Idan na katako ne mai fenti, to ka yi hattara, domin gashin yana jan ruwa sama kamar lagwani ko da ba ka nutsar da mariƙin ba, kwana uku gindin yana jiƙe, katakon ya sha ya kumbura. Ni da kaina na yi wa wani nawa mai mariƙin katako haka, ranar da na fito da shi lafiya lau, bayan kamar sati biyu sai ga wata siririyar tsaga a fentin daidai inda gashi ya shiga, na sa farce sai ɓawon ya ɗago, daga nan duk askin da na yi ruwa sai ya shige ta wajen har katakon ya yi baƙi. Gashin ya yi laushi kam, amma buroshin bai yi ƙarko ba, kuma har yau abin yana min ciwo don ina son sa.

To in ka matsa sai ka yi, ga sharuɗɗana: mariƙin roba, ruwa bai kai gindi ba, kada ka wuce kwana biyu, gugar tawul a hankali ba da ƙarfin tuwo ba, bayan nan ka ba shi cikakkun kwana biyu ya bushe. In kuwa mai tsada ne ko mai katako, ko kuma shi kaɗai gare ka, ni dai ba zan ba ka shawarar ba. Akwai hanya mafi aminci da ke yin aiki iri ɗaya, kullum ka jiƙa minti goma, ka haɗa kumfa a tafin hannu ko a kwano ko da ba aski za ka yi ba, ka ɗauraye, ka goga a tawul, ka ajiye ya bushe har gobe. Sati biyu a haka ya kai ka inda firijin zai kai ka, mariƙinka kuma lafiya.

Yana zubar da gashi, ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka. Biyu, uku, har biyar a wankin farko-farko ba komai ba ne, waɗanda gam bai kama ba ne suke fita. Idan bayan wata guda kullum kana tsintar gashi a kumfa, ko yana fita a dunƙule, wannan kam matsala ce daga ɗauri, ka mayar wa wanda ya sayar maka. Amma ka duba gashin da ya fita tukuna, in cikakken tsawo ne daga gindi ya zare, in guntu ne karyewa ya yi, kuma karyewa laifinka ne, ko ba ka jiƙa ba ko kana danne shi.

Kumfar ɓacewa take, in na zo shafawa karo na biyu babu komai a buroshin

Sabo haka yake, cin kumfa yake. Gashin bai gama ƙoshi da ruwa ba, sai ya tsotse ruwan da ke cikin kumfar ta mutu. Ka ƙara lokacin jiƙo, ka ƙara sabulu, in da daƙiƙa ashirin kake yi kana ɗiba a kan sabulun ka mayar da shi minti ɗaya, har ka ga gashin ya yi kauri ya manne kamar an shafa masa man goge baki, sannan ka riƙa ƙara ruwa da ɗigo-ɗigo. Kada ka yi wa sabulu rowa a watan farko. Da bakin ya tsage wannan halin zai ragu sosai. In kuma ruwanku mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a bakin famfo, to ba laifin buroshi ba ne gaba ɗaya, ko wanne ka ɗauko sai ka ƙara sabulu.

Aski nawa kafin ya horu?

Kamar goma sha biyar zuwa talatin ga yawancinsu, masu taurin kai su fi haka. Ka daina ƙirga kwana, ka riƙa duba baki. Bayan ya bushe ka ɗaga shi saitin haske, ka kalli gashi ɗaya-ɗaya, za ka ga wasu bakinsu ya rabu biyu kamar harshen maciji, wasu uku, sun yi fari-fari, saman buroshin gaba ɗaya ya buɗe ya yi faɗi ya daina tsayawa cak kamar yadda ya fito daga kwali. Ranar da ka ga haka a mafi yawansu, ka shafa a bayan hannunka, za ka ji sama laushi ƙasa ƙarfi, kuma wannan haɗin ne ya sa mutane ke haƙuri da shi tun farko, yana ɗebo sabulu mai tauri da sauƙi yana kuma ɗaga gashin gemu ba tare da ya kwanta ba.

Zan iya amfani da shi kullum tun yana sabo?

Za ka iya, amma sai in yana bushewa tsakanin aski da aski. Sa yatsa cikin tsakiyarsa har gindi, in ka ji sanyi ko danshi bai bushe ba. Buroshin da kullum yake jiƙe ba ya tsagewa da wuri, wari yake ƙarawa. In kana da biyu ka riƙa musanyawa.

A rataye shi kai ƙasa ko a tsayar?

Duk ɗaya. Wallahi na gaji da wannan gardamar. Ka ɗauraye har ruwa ya fito garau, ka matse a hankali ba murɗawa ba, ka yarfe sau biyu uku, ka goga a tawul, ka ajiye inda iska ke wucewa. Abin da ke kashe shi shi ne a jefa shi a jiƙe cikin durowa ko jakar tafiya a rufe, nan fumfuna ke kama gindin. Na'urar busar da gashi kuma a bar ta, zafinta ya yi masa yawa.

Fuskata tana ja bayan na yi amfani da shi

Danne shi kake yi. Haba malam, ba tukunya kake kankarewa ba! Bakin gashin kaɗai ya kamata ya taɓa fata, in ka ga ya baje har mariƙi na neman taɓa kuncinka ka wuce gona da iri, kuma haka ake karya gashin tsakiya har rami ya fito a saman buroshin. A makonnin farko ka haɗa kumfar a kwano, sai ka shafa ta a fuska gaba da baya a hankali, ka bar murzawa a zagaye sai ya yi laushi. In duk da haka jan bai daina ba, ko akwai ƙaiƙayi da ƙuraje, ka ajiye buroshin kwana uku ka shafa sabulun da hannu kawai, in ya sake yi to sabulun ne bai karɓe ka ba, ka canja shi.