Dokar Caca a Jihar Kano

Caca ita ce mutum ya zuba kuɗi ko kadara a kan abin da bai san yadda zai ƙare ba, in sa'a ta faɗo kansa ya kwashe na wasu, in ta kuɓuce masa a kwashe nasa. A Kano caca haramun ce a addini, laifi ce kuma a doka. Sai dai an daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ke da ikon hana ta, jiha ko tarayya, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2024.

Daga karta zuwa waya

Bahaushe ya san caca tun ana yin ta da kuɗin wuri, kafin zuwan karta. Ɗan cacar wancan zamani a ɓoye yake sana'arsa, a kango ko bayan gari, kuma ba wanda ke son haɗa zuri'a da shi. Cacar ƙwallo ce ta fito da abin bakin titi. NairaBet ya fara aiki a 2009, Bet9ja a 2013, wasu irin su SportyBet suka biyo baya, daidai lokacin da gidajen kallon ƙwallon Turai suka cika unguwannin birni.

Shagon ba shi da wani girma: benci biyu ko uku, talabijin a bango, yaro ɗaya a bayan kanta da kwamfuta da ɗan injin da ke fitar da tikiti. Matashi ya miƙa naira ɗari biyu, ya jera wasanni goma sha biyar a takarda ɗaya, injin ya nuna masa dubban da zai ci in duk hasashensa ya yi daidai. Da yamma sai ka ji yana cewa "wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti". Wannan wasa ɗayan shi ke dawo da shi gobe, kuma a kansa kamfanin ya gina ribarsa, don kowane wasa da aka ƙara a takarda yana rage yiwuwar ci. Da yawa daga cikin masu bugawa ba sa ma kiran abin caca, sai su ce "bet" suke yi, kamar sauya suna zai sauya hukunci.

Dokokin da ke aiki a jihar

Tsohon kundin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya riga ya mai da buɗe gidan caca da gudanar da reful ba da izini ba laifi. Da shi kotunan majistare ke aiki har yau.

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a 1999, Kano ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta zama ɗaya daga cikin jihohi 12 na Arewa da suka yi haka. Tushen hanin yana cikin Alƙur'ani, aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida, inda aka ambaci caca tare da giya, aka bayyana cewa tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kange su daga salla. A fiƙihu ba a yanka wa caca haddi ba, ta'aziri ake yi, ma'ana hukuma da alƙali ne ke auna horon da ya dace. Kotunan Shari'a Musulmi suke hukuntawa. Wanda ba Musulmi ba, gaban majistare ake kai shi.

A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa Hukumar Hisba da doka. Ita ce ke sintiri, ta yi nasiha, ta yi kame, ta miƙa wa kotu. Dakarunta ba sa ɗaukar bindiga.

Rikicin jiha da tarayya

A 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi Dokar Caca ta Ƙasa, ta kafa hukumar da ke ba kamfanoni lasisi daga Abuja. Nan aka sami tufka da warwara: kamfani ya riƙe takardar tarayya da ta ce ya yi aiki a ko'ina a Najeriya, ya zo Kano ya tarar da dokar jiha ta ce sana'ar tasa laifi ce.

Abin lura shi ne ba Kano ce ta kai ƙara ba. Legas ce, a 2008, kuma dalilinta daban ne da na Kano. Legas tana da tata hukumar caca, tana son kuɗin lasisi da haraji su shiga aljihunta. Shekara 16 shari'ar ta yi. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke cewa caca ba ta cikin jerin al'amuran da tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya hurumin yi wa doka, don haka dokar 2005 ba ta da ƙarfi a kan jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Hukunci ɗaya ya biya buƙatu biyu masu karo da juna: Legas ta sami damar tatsar caca, Kano ta sami damar hana ta.

Tun kafin hukuncin, a Oktoban 2024, Hisba ta garƙame shaguna 30 a kamen farko, bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni cewa yara na faɗawa cikin caca. Hukumar ta ce wasu shagunan izinin wasan kwamfuta na yara suka karɓa, daga baya suka juya su gidan caca. Hukumar tarayya ta yi ƙorafi cewa kamfanonin na da lasisi, kamen ya lafa, sannan bayan hukuncin Hisba ta sanar cewa za ta ɗora daga inda ta tsaya. Sabon Gari, inda mafi yawan mazauna ba Musulmi ba ne, ba a cika taɓa ta ba, kamar yadda ake yi a batun giya.

Irin wannan tsari akwai shi a Amurka. A 2018 kotun ƙolin ƙasar ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana cacar wasanni, ta bar wa jihohi zaɓi. Nevada ta halatta kasino, wato manyan gidajen caca, tun 1931, Utah da Hawaii kuwa sun haramta sana'ar caca.

Kasino

Manyan gidajen kasino masu lasisi a otal-otal na Legas da Abuja suke. Dokar Kano ba ta bar ƙofar buɗe irinsu ba.

Cacar intanet

A nan ne hannun dokar jiha ya gajarta. Hisba na iya sa kwaɗo a ƙofar shago a Kurna ko Hotoro, amma yaron da aka kora daga shagon yana da waya a aljihu. Zai sauke manhaja, ya tura kuɗi daga asusun banki ko ta wurin mai POS na bakin layi, ya buga cacarsa a ɗakinsa da tsakar dare, ba wanda ya gan shi. Kamfanin yana Legas ko wata ƙasa, lasisinsa daga wata jiha. Sadarwa da harkar banki kuwa tsarin mulki ya bar su a hannun tarayya, ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da Babban Bankin Najeriya, don haka gwamnatin Kano ba za ta iya toshe shafi ko tsayar da tura kuɗi da kanta ba.

Ƙa'idar kamfanonin ita ce sai mai shekara 18 zai buɗe asusu. Ɗan sakandare da ya ari bayanan yayansa ya tsallake wannan shinge cikin minti biyu. Kuma talla na biye da shi: a rigar 'yan wasan da yake ƙauna, a allon gefen fili, a Facebook da TikTok, da tashoshin Telegram inda wasu ke sayar da "tabbataccen wasa" ga wanda ya riga ya yi asara.

A da maƙwabci kan hango yaro yana shiga shago, ya je ya gaya wa mahaifinsa. Cacar waya ta kawar da wannan ido. Sau da yawa gida ba ya farga sai kuɗin makaranta sun salwanta, ko ubangida a Kantin Kwari ya zauna lissafi da yaron shagonsa ya ga ciniki bai cika ba.