Ciwon Daskarewar Jini Na Gado

Ciwon daskarewar jini na gado, wanda likitoci ke kira tirombofiliya, wani yanayi ne da ake haifar mutum da shi inda jininsa yake da saurin yin guda a cikin jijiya fiye da na sauran mutane, ko da kuwa ba rauni ba yanka. Ba ɗauka ake yi ba, ba kuma wani abu mutum ya ci ko ya aikata ba, daga uwa ko uba ake gadonsa ta ƙwayoyin halitta. Kishiyar hemofiliya ne kenan, shi mai hemofiliya jininsa ne baya tsayawa in ya ji ciwo, shi kuma wannan jinin ne ke neman tsayawa a inda ba'a ce ya tsaya ba. Mafi yawan masu shi ma basu san suna da shi ba, zasu rayu su tsufa lafiya lau, sai dai akwai wasu lokuta a rayuwa da haɗarin ke tashi sosai, kuma waɗannan lokutan su ne abin lura.

Yadda jini ke daskarewa, da birkinsa

In mutum ya yanke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet ne ke fara rugawa su manne a bakin raunin, daga nan wasu furotin da ke yawo cikin jini, yawancinsu hanta ce ke haɗa su, su fara tada juna ɗaya bayan ɗaya har a samu wani zare mai suna fibirin wanda ke saƙa raga ya riƙe gudan. Waɗannan furotin ɗin lamba aka basu, fakta 2, fakta 5, fakta 8, fakta 10 da sauransu. To amma da ace haka abin zai ci gaba ba tsayawa ai da ƙaramin yanka ma sai jinin jiki duka ya sandare, shi yasa jiki yake da nasa birkin, manyansu guda uku ne: antitirombin, furotin C da furotin S. Furotin C in ya tashi aiki, da taimakon furotin S, zuwa yake ya datse fakta 5 da fakta 8 ya kashe musu ƙarfi, shi kuma antitirombin ya kama tirombin, wato fakta 2 da ta tashi aiki, da fakta 10 ya ɗaure. Duk nau'in wannan ciwo da za'a lissafa, cikin biyu ne ɗaya, ko birkin yayi rauni ko kuma totur yayi yawa.

Ire-irensa

Wanda yafi yawa shi ne fakta 5 ta Leiden, a takardar gwaji zaka ga an rubuta Factor V Leiden, V ɗin nan biyar ce a lissafin Rumawa. A 1993 wani likita ɗan Suwidin mai suna Björn Dahlbäck ya lura da wasu iyalai da jininsu baya jin birkin furotin C, sai a 1994 Rogier Bertina da abokan aikinsa a birnin Leiden na ƙasar Holan suka gano dalilin, sunan garin ne ya bi ciwon. Abin da suka gano ɗan ƙarami ne ƙwarai, harafi ɗaya tak ya canza a ƙwayar halittar F5 da ke kan kuromozom na 1, wannan canjin yasa a gurbi na 506 na furotin ɗin aka samu tubalin furotin mai suna gulutamin a madadin wani mai suna ajinin, kuma daidai wannan gurbin ne furotin C ke sa almakashinsa. Tunda wurin yankan ya sauya sai fakta 5 ta daɗe tana aiki bayan lokacin da ya kamata ace an kashe ta.

Kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen da asalinsu Turai ne suna ɗauke da shi, ana samunsa kuma a Gabas ta Tsakiya, amma yana da wuya sosai a 'yan asalin Afirka da gabashin Asiya. A cikin Turawan da suka samu gudan jini a jijiya karon farko, kusan ɗaya cikin biyar in aka gwada za'a same shi da shi. Masana na ganin canjin ya faru ne a jikin mutum ɗaya shekaru sama da dubu 20 da suka wuce, wasu ma na hasashen ya yaɗu ne saboda matan da ke da shi basu cika zubar da jini da yawa wajen haihuwa ba a zamanin da zubar jini ke kashe mata birjik.

Na biyu shi ne canjin furotirombin, wato fakta 2, wanda ake rubutawa G20210A, shi ma a Leiden aka gano shi a 1996, yana sa jiki ya haɗa fakta 2 fiye da kima, kusan kashi 2 cikin 100 na Turawa ke da shi kuma yana ninka haɗari sau 2 zuwa 3.

Sai ƙarancin birkin nan uku. Su basu da yawa amma sun fi zafi, kuma su ba ruwansu da launin fata, a ko'ina ana samunsu. Ƙarancin antitirombin shi aka fara ganowa, likita Olav Egeberg ya bayyana shi a 1965 a wani dangi a ƙasar Nowe, mutum 1 cikin dubu 2 zuwa dubu 5 ke da shi kuma kusan rabinsu sai sun samu guda a rayuwarsu, sau da yawa tun da ƙuruciya. Ƙarancin furotin C an bayyana shi a 1981, na furotin S a 1984. Akwai kuma wani ciwon mai suna antifosfolifid da shi ma ke sa jini guda yana kuma jawo ɓari, amma shi ba gadonsa ake ba, garkuwar jiki ce ke juyawa, kada a haɗa su.

Yadda ake gadonsa

Kowa yana da kwafi biyu na kusan kowace ƙwayar halitta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kwafi ɗaya mai matsala ya isa ya ɗaga haɗari, kuma in uba ko uwa na da kwafi ɗaya to kowane ɗa da za'a haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Wanda ya gaji kwafi biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, nasa yafi tsanani. A lissafin da aka saba bayarwa, cikin mutum 1,000 marasa komai kusan mutum 1 ke samun gudan jini a shekara, masu kwafi ɗaya na Leiden 3 zuwa 8, masu kwafi biyu kuwa yana iya kaiwa 80. Duk da haka kusan ɗaya cikin goma ne kawai na masu Leiden ke taɓa samun guda, saura tara har su koma ga Allah ba abin da zai same su ta wannan fannin. Wannan magana tana da muhimmanci domin mutane da yawa da zarar sun ga sakamakon gwaji hankalinsu ke tashi su ɗauka an yanke musu hukunci, alhali abin da takardar ke cewa kawai shi ne sikelin jininka ya ɗan rinjaya gefe ɗaya.

Abin da ke tayar da shi

Tun a ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya yi aiki a kan yadda guda ke tashi daga ƙafa ya tafi huhu, kuma da sunansa ake kiran abubuwa uku da ke haɗuwa su kawo guda: jini ya daina gudu sosai, bangon jijiya ya ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Mai gado ya riga ya zo da na ukun a jikinsa, jira kawai ake ɗaya daga cikin biyun ya iso. Shi yasa guda yafi zuwa bayan tiyata musamman ta ƙugu ko gwiwa, ko karaya da aka ɗaure ƙafa, ko doguwar jinya a kwance, ko tafiyar da ta wuce awa 4 mutum na zaune a takure a jirgi ko mota. Ƙiba, shan sigari, ciwon daji da tsufa duk suna ƙara nasu.

Mata su ne abin yafi shafa, kuma a nan ne sanin yake da amfani na gaske. Sinadarin estirojin yana ƙara wa jini saurin daskarewa, to ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da estirojin in ta haɗu da Leiden ba tarawa ake ba, ninkawa ake. Binciken da aka yi a Leiden a 1994 ya nuna macen da ke da canjin kuma tana shan ƙwayar haɗarinta ya haura sau 30 a kan wadda bata da shi kuma bata sha, wato kusan mace 28 cikin 10,000 a shekara a maimakon ƙasa da 1. Akwai hanyoyin tazara da basu da estirojin, irin na sakawa a mahaifa da ƙwayar furojestin zalla, su likita ke karkata zuwa gare su. Shi ma maganin homon da ake ba mata bayan ɗaukewar al'ada yana ƙara haɗarin guda. Juna biyu ma kanta tana ƙara wa jini saurin daskarewa dan jiki na shirin haihuwa, ga mahaifa ta danne manyan jijiyoyin ƙugu, kuma mafi haɗari shi ne sati 6 na farko bayan haihuwa, lokacin da kowa hankalinsa na kan jariri ita kuma mai jego tana kwance. An danganta ciwon da ɓari da wasu matsalolin mabiyiya amma alaƙar bata da ƙarfi, yawancin mata masu Leiden suna haihuwarsu lafiya.

Alamomi

Gudan yafi fitowa a jijiyar can ciki ta ƙafa. Ƙafa ɗaya ce ke kumbura ba biyu ba, sha-raɓa ko cinya ta yi tauri ta yi zafi, in aka taɓa a ji ta fi ɗayar ɗumi, fatar ta yi ja ko ta yi duhu tana sheƙi, takalmin da aka sa jiya yau ya ƙi shiga ƙafa ɗaya, ciwon kaman jijiya ta ɗaure amma ya ƙi saki kwana ɗaya kwana biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kama murza wurin ana matsawa, wannan ba daidai bane, asibiti za'a nufa.

Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Mutum na zaune sai numfashi ya fara yi masa wuya farat ɗaya, ƙirji na suka musamman in ya ja numfashi, zuciya na bugawa da sauri, wani yayi tari da jini, wani jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Wannan na gaggawa ne, yana kisa cikin mintuna ko awanni in gudan babba ne, ba'a jira gari ya waye. Wani lokaci kuma guda na fitowa a wuraren da ba'a saba ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwa inda ake samun ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani ko farfaɗiya, ko jijiyoyin hanta da na hanji da ke zuwa da ciwon ciki. Wanda ya warke ma ƙafar na iya ci gaba da kumburi da nauyi shekara da shekaru, har gyambo ya fito a idon sawu, saboda gudan ya lalata ƙofofin cikin jijiyar. Shi kuwa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa ta jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya, alaƙarsu da wannan gado kaɗan ce.

Gwaji

Gano gudan daban, gano gadon daban. Gudan ƙafa da na'urar sikanin ake ganinsa, na huhu da hoton CT, akwai kuma gwajin jini na D-dimer da ke taimakawa wajen kore zargi. Gwajin gado kuwa ba kowa ake yi wa ba, an fi duba wanda ya samu guda kafin shekara 50 ba tare da wani dalili ba, ko wanda ya maimaita, ko ya fito a baƙon wuri, ko kuma dangin da iyaye da 'yan uwa da dama suka samu. Leiden da furotirombin ta ƙwayar halitta ake gwada su dan haka kowane lokaci sakamakon ɗaya ne, amma su furotin C da S da antitirombin adadinsu ake aunawa, kuma sabon guda, ko magungunan tsinka jini irin su wafarin da hefarin, ko juna biyu, ko ciwon hanta duk suna iya saukar da wani daga cikinsu a ce mutum na da ƙaranci alhali bashi da shi, shi yasa ake maimaitawa bayan an natsa kafin a ɗora wa mutum sunan ciwon har ƙarshen rayuwarsa.

Magani

Ba'a canza ƙwayar halitta, kuma wanda bai taɓa samun guda ba yawanci ba'a ɗora shi kan magani, domin maganin tsinka jini shi ma yana da nasa haɗarin na zubar jini wanda kan iya fin haɗarin gudan. Abin da ake so shi ne ya faɗa wa likita kafin tiyata, kafin fara ƙwayar homon, da farkon shigar ciki, a doguwar tafiya kuma ya dinga tashi yana takawa yana motsa ƙafa yana shan ruwa.

In guda ya samu ana bada maganin tsinka jini aƙalla wata 3, wasu kuma a ci gaba ba ranar dainawa, musamman masu ƙarancin antitirombin, masu kwafi biyu da suka samu guda, ko wanda abin ya dawo masa. Maganin ba narkar da gudan yake ba, hana shi girma yake har jiki ya cinye shi da kansa. Akwai allurar hefarin, akwai wafarin da ke buƙatar gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, akwai kuma sababbi irin su rivaroxaban da apixaban da basa buƙatar wannan yawan gwajin. Mai ciki ba'a bata wafarin dan yana ratsa mabiyiya ya illata ɗan tayi, allurar hefarin ta ƙarƙashin fata ake bata, sau da yawa har sati 6 bayan haihuwa. Mai ƙarancin furotin C kuma in aka fara masa wafarin shi kaɗai ba hefarin a kwanakin farko fatarsa na iya mutuwa ta yi baƙi a cinya ko nono ko ɗuwawu, shi yasa ake haɗa su tare da farko.

Yara ƙanana ba'a cika gwada su ba tunda guda yana da wuya kafin balaga, akan bari sai sun girma, musamman 'yan mata in maganar ƙwaya ko ciki ta taso. Inda ba'a jira shi ne jaririn da ya gaji ƙarancin furotin C mai tsanani daga uwa da uba duka, shi cikin awanni ko kwanakin farko na haihuwa tabo baƙi-baƙi ke fesowa a fatarsa, kuma sai an yi gaggawar ƙara masa furotin C ko ruwan jini ta jijiya.