Ɓerayen gwaji a binciken kumburin mahaɗar jijiya da ƙashi

Mahaɗar jijiya ita ce wurin da jijiya mai tauri, irin agara, take mannewa da ƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar Dole ta Damagaram, ya ga yadda ake fama da wuƙa kafin a raba agarar saniya da ƙashinta, ya ga wurin da ido. Kumburin wannan wuri, wanda likitoci ke kira antezit, babbar alama ce ta wani rukunin cututtukan sanyin ƙashi masu kama gadon baya da ƙugu. Mai ciwon kan tashi da asuba bayansa a sandare, diddige ba ya takuwa, sai ya ɗan motsa jiki sannan ya samu sauƙi.

Da wuya a yanki naman wurin daga jikin mai rai don a duba, kuma kafin majiyyaci ya iso asibiti ciwon ya riga ya yi nisa. Shi ya sa masu bincike suka koma kan ɓeraye.

Tun 1973 aka gano alaƙar ciwon sandarewar baya da wata alamar gado mai suna HLA-B27. A 1990, a Dalas ta Amurka, aka dasa wa manyan ɓeraye wannan alama ta ɗan Adam, sai ga kumburi a gaɓoɓi, hanji da fata. Da aka rene su a killace, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu, kumburin hanji da na gaɓoɓi bai fito ba. Nan hankali ya karkata ga hanji.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na ɓerayen da aka samar a Girka a 1999, waɗanda jikinsu ke fitar da sinadarin kumburi TNF fiye da kima. A 2014 masu bincike a birnin Gan na Beljiyam suka ɗaga su ta wutsiya, ƙafafun baya suka daina taɓa ƙasa. Kumburin agara ya ragu ƙwarai. Wato gado kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da nauyi da ja a kan jijiyar. Wannan ya yi daidai da abin da likita ke gani kullum: ciwon ya fi son diddige da tafin ƙafa, inda nauyin jiki yake sauka.

Akwai kuma nau'in ɓeraye mai suna SKG na mai bincike Shimon Sakaguchi a Japan, da ake tayar musu da ciwon ta hanyar allurar wani sinadari mai suna kurdilan. Mazan wani nau'in ɓeraye mai suna DBA/1 kuwa, in sun manyanta kuma aka cunkusa su a keji ɗaya, sabon ƙashi kan tsiro musu a mahaɗar yatsun ƙafa ba tare da an yi musu komai ba. Da su ake nazarin yadda gaɓa ke haɗewa ta daina lanƙwasa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Da ƙafa huɗu yake tafiya, kuma babu nau'in da ya kwaikwayi ciwon dukansa. A 2012 aka nuna wani sinadarin kumburi mai suna IL-23 shi kaɗai yana haddasa kumburin mahaɗa a ɓera. Da aka gwada magungunan toshe shi a kan masu ciwon sandarewar baya, ba su yi aiki ba, alhali sun amfani masu sanyin ƙashin da ke zuwa tare da cutar fata ta soriyazis. Magungunan toshe TNF da wani sinadarin kumburin mai suna IL-17 su ne suka ci nasara a ciwon bayan.

Ɗalibin likita a Jami'ar André Salifou ta Damagaram zai kuma lura cewa HLA-B27 ta fi ƙaranci a Afirka kudu da Sahara fiye da arewacin Turai, don haka rashinta a jinin mai ciwon diddige da baya bai kore cutar ba.